Wa Ya Danna Masa Ƙirji?

Ranar sunan 'yar ƙanwata ce. An raɗa suna da safe, an yanka rago, baƙi sun ɗan tsagaita, mu maza muna zaune a zaure bayan la'asar ana zuba shayi. Kawu, yayan mahaifiyarmu, yana kan tabarma ya jingina da bango, yana ta mitar tsadar taki. Yana tsakiyar magana sai ya yi shiru. Kofin ya suɓuce daga hannunsa, shi kuma ya zame gefe guda kamar buhun da ba a jingine daidai ba.

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san abin da ke biyo baya. Salati ya ɓarke. Wani ya ɗauko buta ya sheƙa masa ruwa a fuska, wani ya cire hula yana yi masa fifita, wani na cewa a kawo albasa, wani na neman cokali kada ya ciji harshe. Mata suka fito daga cikin gida, wasu ko mayafi babu. Ni kuwa aka dare aka ba ni hanya, domin an san a sakandare na yi ƙungiyar agajin gaggawa, har da kaki da takardar shaida.

Na durƙusa ina lalubo abin da aka koya mana a tsakiyar shekarun 1990. A ɗaga haɓa a buɗe hanyar iska. A kara kunne a baki, a duba, a saurara, a ji hucin numfashi. A nemi bugun jini a wuya. A auna yatsu biyu daga ƙarshen ƙashin ƙirji kafin a ɗora hannu. Ina kara kunnena sai Kawu ya ja wani dogon numfashi mai kama da minshari, bakinsa a buɗe, ya yi shiru, can kuma ya sake ja. Na ɗago na ce wa jama'a, "Yana numfashi, ku matsa ya samu iska." Na kama wuyan hannunsa, na koma wuyansa, na sake dawowa hannun, har na ji kamar wani abu na motsi a ƙarƙashin yatsuna. Yau na san bugun jinina ne nake ji, don hannuna rawa yake yi.

Haka muka ɓata kusan minti goma. Sannan aka kinkime shi aka sa a adaidaita sahu, kansa a cinyata, muka shiga cunkoson yamma. A asibiti wata matashiyar likita da ma'aikatanta suka rufu a kansa, bayan wani lokaci ta fito ta ce, "Malam, sai haƙuri." Na ɗauka shi ke nan, sai ta tsaya ta tambaye ni yaushe ya faɗi, kuma "akwai wanda ya danna masa ƙirji?" Na ce ai yana numfashi. Ta ce in kwatanta mata irin numfashin. Da na kwatanta sai ta sunkuyar da kai. Ta ce wannan kakari ne, alamar zuciya ta riga ta tsaya. Ta ƙara da cewa ba za ta ce mini da an danna da ya tashi ba, rai na Allah ne, amma a lokacin da na ce a ba shi iska, hannuwana yake bukata.

Na yi watanni wannan tambaya tana bina har wurin kwana. Daga baya na nemi wurin da ake koyar da abin da likitoci ke kira CPR, wato farfaɗo da wanda zuciyarsa da numfashinsa suka tsaya, na biya kuɗina na zauna da yaran da na haifi wasunsu. A nan na gane cewa yawancin abin da na riƙe shekara ashirin da ɗoriya a matsayin ilimi, masu shi sun daɗe da sauya shi, kuma sun sauya shi ne saboda irin abin da ya same ni a zaure.

Abu na farko da malamarmu ta raba mana shi ne bugun zuciya da tsayawar zuciya, waɗanda mu muke haɗawa a suna ɗaya. A na farko jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ke toshewa. Mutum yana nan a farke, yana dafe ƙirji, yana gumi, yana iya magana. Wannan a garzaya da shi asibiti. A na biyu kuwa zuciyar ce ke daina harba jini gaba ɗaya, sau da yawa saboda lantarkin da ke tafiyar da bugunta ya rikice, sai ta koma karkarwa kawai. Mutum ya faɗi nan take, ba ya ji ba ya gani. Daga minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa, kuma duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Sai ka lissafa minti gomanmu na zaure, ka ɗora na hanya.

Wannan dabara ba ta tsufa sosai ba. A 1960 ne wasu masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka wallafa cewa ana iya tura jini ya zaga jiki ta hanyar danna ƙirji daga waje, ba sai an tsaga shi ba. Aka haɗa wannan da hura iska baki-da-baki wanda Peter Safar da James Elam suka tabbatar da amfaninsa 'yan shekaru kafin nan. A wannan shekara kuma wani mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin roba da ake gwaji a kansa, wanda jikokinsa muka durƙusa a kai a ajinmu. Tun daga lokacin ake ta bibiya. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka da takwararta ta Turai sukan fitar da sababbin ƙa'idoji kusan duk bayan shekara biyar, bisa hujjojin da wani kwamitin duniya da aka kafa a 1992 yake tacewa.

Da malamar ta jero mana sauye-sauyen, sai na ji kamar labarina ake karantawa. A 2000 aka ce wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya daina neman bugun jini, domin an gano mutane na ɓata lokaci kuma suna yawan kuskure. A 2005 aka bar danna goma sha biyar da hura biyu da muka haddace, aka koma talatin da biyu, aka kuma ce hannu a tsakiyar ƙirji kawai, ba sai an yi awo da yatsu ba. A 2008 aka ce idan babba ne ya yanke jiki ya faɗi a gabanka, danna kaɗai ma ta wadatar, ko ba ka hura masa iska ba, saboda a mintocin farko akwai sauran iska a jininsa, abin da ya rasa shi ne mai tura jinin. A 2010 aka juya tsarin baki ɗaya: danna ƙirji ya zama farko, buɗe hanyar iska da hurawa suka koma baya, aka kuma soke wancan kara kunne a baki da na tsaya yi. A 2020 aka fito ƙarara aka ce idan kana shakka, ka fara dannawa, don cutar da za ka yi wa wanda zuciyarsa ke aiki kaɗan ce in aka gwada da cutar barin wanda tasa ta tsaya.

Duk gyaran hanya ɗaya ya nufa, wato rage abin da zai sa mutum ya tsaya tunani. Abin da ya rage yanzu yaro ma zai riƙe. Ka tabbata wurin ba zai cutar da kai ba. Ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko kuwa kakari kawai yake, to zuciya ta tsaya, kada duban ya wuce daƙiƙa goma. Ka nuna mutane ɗaya-ɗaya da yatsa ka ce "kai, kira 112, kai kuma nemo mota", domin in ka ce "a kira" kowa zai ɗauka wani ya kira. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba. Gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, kan ƙashin, ɗaya hannun a bisansa, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗunka daidai saman hannuwanka, ka danna da nauyin jikinka.

Zurfin dannawar santimita 5 zuwa 6 ne, kusan tsawon kwalin ashana. Saurinta 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kamar sau biyu ke nan a daƙiƙa. Ni da luguden mata biyu a turmi ɗaya nake auna shi a kaina, taɓarya na sauka wata na tashi. Bayan kowace dannawa ka bar ƙirjin ya dawo daidai, kada ka jingina a kai, don a wannan dawowar ce zuciya ke cika da jini. Aikin akwai gajiya fiye da yadda ake zato. Bayan minti biyu hannu na yin sanyi mai shi bai sani ba, shi ya sa ake so a riƙa karɓeɓeniya, ba tare da an bar tazara ba.

Ban yi zaton zan sake durƙusawa a kan wani ba, sai ga shi wata damina. Ɗan maƙwabcina, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, yana gyaran wayar injin jan ruwa a tsakar gidansu, ƙasa a jiƙe, sai aka dawo da wuta. Ihun mahaifiyarsa ne ya fito da ni. Na tarar da shi a ƙasa, wayar a hannunsa, ƙaninsa na shirin rungumo shi. Na daka wa yaron tsawa, na ce a zare fis ɗin mita tukuna. Da aka zare na bubbuga shi, shiru. Sai ga wannan jan numfashin, irin na Kawu sak. Wallahi jikina ya yi sanyi, amma wannan karon na san sunansa.

Na ɗora hannu na fara. Ban kai talatin ba na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin tafina, haƙarƙari ya karye. Mahaifiyarsa ta ji ita ma. Ta cakumi rigata ta baya tana kuka, "Malam, za ka ƙarasa mini shi! Ka bar shi haka, don Allah ka bar shi!" Ban ɗago ba, na ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, ki yi ta addu'a, ƙashi zai warke." Wani dattijo a layinmu, Allah ya saka masa, shi ya janye ta gefe. Da hannuna ya fara mutuwa na jawo wani maƙwabci mai walda na ɗora hannuwansa inda nawa suke, ina ƙirga masa da baki. An kawo adaidaita na ce a'a, ba inda za a kwantar da shi a ci gaba da dannawa. Aka samo a-kori-kura ta mai kai bulo, muka shimfiɗa shi a baya, muna dannawa mota na tsalle da mu har ƙofar asibiti.

A can suka manna masa na'urar da ke zaburar da zuciya da lantarki, suka buga, zuciyar ta kama. Ya yi kwanaki a asibiti, ya fito da ciwon ƙirji da tabon ƙuna a tafin hannu. Yau yana da aure. Mahaifiyarsa duk sallah sai ta aiko mana da tuwo.

Kada wannan labari ya ruɗi kowa. Shi yaro ne mai lafiyayyar zuciya, an ga faɗuwarsa, asibiti na kusa, kuma an dace suna da na'urar. Akasari ba haka abin ke ƙarewa ba. A Amurka ma, inda mutum sama da 350,000 ke gamuwa da tsayawar zuciya a wajen asibiti duk shekara, kusan ɗaya cikin goma ne ke rayuwa. Danna ƙirji ba kasafai yake tayar da zuciya da kansa ba. Aikinsa ya riƙe ƙwaƙwalwa da rai kafin na'ura ta iso. Amma wannan riƙon kan ninka damar tsira sau biyu ko uku. Masu kallon ƙwallo sun ga misali da idonsu ranar 12 ga Yuni, 2021, da Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a wasansu da Finland. Nan take aka hau danna masa ƙirji, aka buga masa na'ura a cikin fili, ya farfaɗo, har ya buga gasar cin kofin duniya a Katar a 2022. Ina kallo ina tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, da Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a 2003. Su biyun ba su tashi ba.

Na sha jin ana cewa, "In kwana ya ƙare, ko me ka danna banza ne." Gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Sai dai ba wanda aka nuna wa takardar kwanan wani. Mutanen da ke wannan magana su ne kuma ke sheƙa ruwa, su ɗura madara, su ruga asibiti, wato su ma sababi suke riƙo, ba su dai riƙi wanda ke aiki ba. Ruwan da ake ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa huhu yake tafiya. Cokalin da ake cusawa haƙora yake karyawa, ko ga mai farfaɗiya bai dace ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mata. Bincike a Amurka ya nuna mace in ta faɗi a bainar jama'a ba ta cika samun mai danna mata ƙirji kamar namiji ba, saboda mutane na tsoron taɓa ta. To ina ga nan, inda namiji zai tsaya a ƙofar gida yana sallama alhali matar gidan na kwance a tsakar gida, maigidan yana kasuwa? Na kai wa limamin masallacinmu wannan tambaya, bai ko ja ta da nisa ba, ya ce ceton rai larura ce. Dannawa a kan riga ma ana yi. In na'ura ta zo ana bukatar fata, sai mata su kare ta da zane. Amma maganin da ya fi shi ne matan su iya da kansu. Kusan bakwai cikin goma na irin wannan faɗuwa a Amurka cikin gida take faruwa, kuma mu a nan mun san su wa ke cikin gida da rana. Na koya wa maiɗakina da 'yata ta fari a kan matashin kujera mai tauri. 'Yar tana da shekara goma sha uku, ta fi uwar riƙe sauri. Ƙa'idojin da suka fito a watan Oktoba na 2025 ma sun ce daga shekara 12 yaro na iya koyon aikin ya yi shi yadda ya kamata.

Yara da wanda ya nutse a ruwa hukuncinsu ya ɗan bambanta, don su galibi numfashi ne ke fara yankewa kafin zuciya. Su hura iska ba abin bari ba ne: danna talatin, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura sau biyu har a ga ƙirji ya taso. Duk damina sai kududdufi ya ci mana yara, kuma abin da aka saba shi ne a juya yaro kai ƙasa ko a hau matsa masa ciki wai ruwa ya fito. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya toshe hanyar iska. Ga yaro, zurfin dannawa kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa ne. Jinjiri kuwa a da da yatsu biyu aka koya mana, amma a 2025 an bar wannan saboda ba ya kai zurfin da ake so. Yanzu manyan yatsu biyu ake sawa hannuwa na zagaye da ƙirjin, ko gindin tafin hannu ɗaya.

A wannan gyara na 2025 an taɓa batun shaƙewa, wanda kusan kowane gida ya taɓa gani, ko tsoka a maƙogwaron babba ko gyaɗa a na yaro. Muddin mutum na tari da ƙarfi, a bar shi ya yi ta tari. In ya kasa tari, ya kasa magana, sai a sunkuyar da shi a buga masa tafi sau biyar a tsakanin kafaɗu, sannan a zagayo ta bayansa a dunƙule hannu a saman cibiya a matsa ciki da sama sau biyar, a yi ta musanyawa har abin ya fito. Jinjiri ba a matsa masa ciki: a kifa shi a kan hannu, kai ya ɗan yi ƙasa, bugu biyar a baya, a juyo shi a danna ƙirji sau biyar. Kada a zura yatsa ana lalube a makance, tura abin ake ƙara yi. In mutum ya sume, a kwantar da shi a fara danna ƙirji.

Saura na'urar. Ƙaramarta da ake kira AED ba ta fi jakar makaranta ba. Kana buɗe ta take magana, ta gaya maka inda za ka manna, ta auna zuciyar da kanta, kuma ba za ta buga wa wanda bai bukata ba. A ƙasashe da yawa rataye take a bangon tashar jirgi da kantuna da makarantu. Na duba masallacin Juma'armu da ke cika har titi, na duba kasuwarmu da tashar motarmu, ban ga ko ɗaya ba. Masu hali da ke sa wa masallatai tayil da na'urar sanyaya ɗaki, ina roƙonsu su ƙara wannan a lissafin sadakarsu, su kuma ɗauki nauyin horar da ladan da 'yan agaji da shugabannin tasha. Makarantun Islamiyya na matan aure su ware Asabar ɗaya su gayyato ma'aikaciyar jinya ta nuna musu.

Kai kuma da ka taɓa koyo shekarun baya kamar ni, ka koma ka sabunta, abin da ke kanka ya tsufa. Wanda bai taɓa ba ya nemi inda ake koyarwa, yini ɗaya ya isa. Kafin nan, yau da dare ka ajiye matashi a ƙasa, ka kira mutanen gidanka, kowa ya durƙusa ya danna na minti biyu ana duba agogo.